Sai an Samu Gurbi

Sun iso makarantar bayan an kaɗa ƙararrawar shiga aji. Filin ya yi wayam, sai maigadi a kan bencinsa yana sauraron rediyo. Abba na gaba da takardu cikin leda, Kyaftin na riƙe da hannunsa, Yaya na biye da su tana leƙen tagogi. A wani aji ana ta rera lissafin sau bakwai. Ta san shi, don haka ta riƙa bin su a hankali har suka kai ƙofar ofis.

Shekarunta tara. Tun ranar da aka haifi ƙaninta Kyaftin sunanta ya ɓace a gidan, kowa Yaya yake ce mata, in ban da Abba da ke kiranta Uwata. Kamfanin ruwan da Abba ke wa aiki ne ya yi masa canji ba shiri, suka loda kaya a babbar mota, suka sauka a wannan unguwa zangon karatu ya riga ya yi nisa.

Shugabar makarantar doguwar mace ce, gilashinta na rataye a wuya da igiya. Ta saurari Abba har ya gama, sannan ta girgiza kai.

"Kun makara, Malam. An rufe ɗaukar ɗalibai tun kafin a dawo hutu."

"Wallahi ba sakaci ba ne, Malama. Canjin ne ya faɗo mana daga sama."

Ta sa gilashin ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya. "Namijin ba matsala, aji ɗaya akwai wuri. Ita ce dai. Aji huɗu ya cika maƙil, ko tsayuwa za ta yi ba inda za ta sa ƙafa. Sai dai in za ka yarda ta zauna a aji uku na ɗan lokaci, in an samu gurbi mu ɗaga ta."

Abba ya gyara zama. "Aji uku? Malama, dubi sakamakonta fa. Ta biyu ta zo a ajinsu. In mayar da ita baya a kan laifin da ba nata ba? A'a. Gara ta jira."

"Jiran nan ba shi da rana."

"Za ta jira. Ga lambar wayata."

A hanyar gida ya dafa kanta ya ce, "Ba wanda zai mayar min da Uwata baya ina raye." Ta ji daɗin maganar. Har tsalle ta yi ta tsallake kwatar bakin titi.

Gidan da suka kama ɗaki biyu ne da falo, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ba su gama kwance kwalaye ba Umma ta samu aiki a gidan burodin da ke ƙarshen layi. Ta daɗe tana neman aiki a inda suka baro ba ta samu ba, sai ga shi a nan ya zo da kansa. Ranar ta shigo tana dariya ita kaɗai. Sai da ta ɗauki Auta ta ba shi nono dariyar ta tsaya, don watansa bakwai kacal, kuma ba a shiga wurin tanda da jariri.

A hawa na ƙasa akwai wata mata da ke riƙe wa ma'aikata yara. Umma ta sauka ta dubo, ta dawo tana yatsina fuska.

"Yara rututu a ɗaki ɗaya, ga majina, ga ƙuda. Kuma ba mu san kowa a nan ba. Haka kawai in miƙa ɗana ga matar da ko sunanta ban sani ba?"

Abba na ɗaure ƙafar gado da sukudireba. Can ya ce, "To, tunda Yaya na gida..." Bai ƙarasa ba.

"Abin da nake tunani ke nan. Kafin su kira."

"Kafin su kira dai."

Yaya na tsakar falon tana ninke kwali. A kanta ake maganar, amma ba wanda ya dubi inda take.

Umma ta koya mata komai a yini ɗaya: yadda ake auna madara, yadda ake ɗiga ta a bayan hannu a ji zafinta, yadda ake canza nafkin, yadda ake jijjiga shi in ya ƙware. Ta ɗora mata shi a baya ta ɗaure zanin da kanta, ta ja da baya tana kallo.

"Kai, kin ga yadda ya yi miki kyau? Sai ka ce ke kika haife shi."

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Umma kan fita gari bai gama wayewa ba, Abba ya bi bayanta. Yaya ta yi wa Kyaftin wanka, ta haɗa masa shayi da burodi, ta nemo safarsa da kullum sai ɗaya ta ɓata, ta goya Auta, ta raka shi makaranta. Da farko takan sa takalmin tsohuwar makarantarta, ta riƙe littafi a hannu.

"Ke ba ki shiga?" in ji maigadi.

"Ana nema min gurbi ne, Baba."

"To Allah ya sa a samu."

Takan zagaya bayan katanga inda tagar aji huɗu ta kalli titi, ta tsaya tana jin malamin yana bayani, har sai Auta ya gaji da tsayuwa ya fara kuka. Sai ta juya gida. Wanke-wanke na jira, da nafkin cikin bokiti, da shara. Ba wanda ya ce mata ta yi su. Amma in Umma ta dawo da yamma, ƙafafunta a kumbure, gashin girarta fari da fulawa, ta tarar da kwanuka a jibge, yadda take sauke numfashi ya fi faɗa ciwo. Don haka Yaya ta riƙa yi.

Maigadi ya daina tambaya. Ita ma ta daina ɗaukar littafin, don hannu biyu take bukata wajen tallafe goyo. Takalmin ya matse ta, ta koma silifas.

Wata rana da ta je ɗauko Kyaftin, malamarsu ta yafito ta daga bakin aji.

"Ke, zo nan. Ki gaya wa uwar ɗakinki a riƙa yanke wa yaron nan farce. Kuma aikin gida ba ke za ki riƙa yi masa ba, na gane rubutun ba nasa ba ne."

"Ummana ce."

"Wa?"

"Ba uwar ɗakina ba ce. Ummana ce. Ƙanina ne."

Malamar ta dube ta daga silifas har zuwa tsohon kitson da ya tashi. "Au. Yi haƙuri, na ɗauka 'yar aikinsu ce ke." Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai wani yaro ya fasa kuka a cikin aji, ta juya.

Da suka koma gida Yaya ta tsaya gaban madubin kabad. Busasshiyar madara a kafaɗa, ƙullin zani a ƙirji. Ta daɗe tana kallo ba ta ji komai ba. Auta ya ɓata nafkin, ta sauke shi ta canza masa.

Zango ya kusa ƙarewa ne shugabar makarantar ta tare ta a bakin ƙofa.

"Ba ke ce 'yar mutumin kamfanin ruwa ba?"

"Ni ce, Malama."

"Wata yarinya ta tashi daga aji huɗu, iyayenta sun bar unguwa. Na yi ta kiran babanki bai ɗauka ba. Ki ce ya kawo ki ranar Litinin. Akwai masu jira a bayanki, ba zan iya riƙe wurin da daɗewa ba. Kin ji ko?"

Da gudu ta koma gida, Auta na ta tsalle a bayanta yana ƙyalƙyala dariya, shi a ganinsa wasa ake. Ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe ƙura. Ta fiƙe fensir da wuƙar kicin. Ranar ta yi wanke-wanke da shara da goge-goge har inda ba a sa ta ba, don kada a samu abin cewa.

Ta bari sai da aka zauna cin abincin yamma sannan ta faɗa. Cokalin Umma ya tsaya a cikin shinkafa.

"Eh, na ga kiran," in ji Abba. "Ina tsakiyar aiki ne."

"Litinin?" in ji Umma. "Wace Litinin? Ni fa har yanzu a gwaji nake. Ranar da na yi fashi, ranar za su sa wata a wurina. Layi ake yi a bakin ƙofar nan kullum."

Abba ya sha ruwa ya ajiye kofin. "Ni abin da nake dubawa daban ne. Zango ya zo ƙarshe. Ta shiga yanzu, a yi jarrabawa, ta zo ta ƙarshe, a karya mata gwiwa a banza. Gara ta fara da sabon zango, fes da ita."

"Abba, zan iya. Ina jin abin da suke yi ta taga."

"Na san za ki iya, Uwata, ai ke ce. Amma akwai abin da nake gani da ke ba ki gani."

"Ga Auta yana haƙori," in ji Umma. "Wa yake yarda da shi yanzu in ba ke ba? Ko ni ba ya yarda da ni kamar ke. Ba ki tausayin ƙaninki?"

Kyaftin ya ɗago da shinkafa a haɓa. "Ni ma in zauna a gida gobe?"

"Kai, rufe min baki!" Abba ya daka masa tsawa. "Karatu wasa ne?"

Abba ya dubi Yaya, ya sassauta murya. "Zan je in ga shugabar da kaina, in roƙe ta ta riƙe miki wurin. Ci abincinki."

Ta ci. Da aka gama ta kwashe kwanukan.

Litinin ta zo ta wuce, Abba bai je ba. Ya ce an tura su gyaran wani bututu da ya fashe. Wata Litinin ɗin ya ce shugabar ba ta nan, ko da yake Yaya ta gan ta da safe a bakin ƙofa. Daga nan Umma ta ce mata, "Ki riƙa tsayawa a kwana, Kyaftin ya ƙarasa da kansa. Kada matar nan ta riƙa damun mutane a titi." Daga kwanar ba a jin tagar aji huɗu. Shagon mai faci ne a wurin, sai ƙarar injin bayar da iska.

Da aka dawo sabon zango Abba ya ce an ba wa wata wurin. Yaya ta ji shi yana gaya wa wani abokin aikinsa a waya, cikin ɓacin rai na gaske.

"Makarantun nan in ba ka san wani ba ka shiga uku. Yarinya mai ƙoƙari, sun bar min ita a gida tana zaune."

Zaune. Tana durƙushe a banɗaki tana cuɗa nafkin lokacin da ya faɗa.

Auta ya fara rarrafe, ya yi nauyi, ya koyi jan gashi. Wata safiya tana juye tafasasshen ruwa a fulas, yana bayanta, ya finciko ɗankwalinta. Butar ta karkace, ruwan ya sauka a bayan hannunta na hagu. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye butar can ƙuryar kantar kicin, ta fita falo ta kwance shi ta zaunar a tabarma nesa da jiƙaƙƙen wurin, sannan ta koma ta tara hannun a famfo. Ta kalli fatar tana tashi. Da ya fara kukan yunwa ta haɗa masa madara da hannu ɗaya.

Umma ta yi kuka da ta dawo, kuka na gaske, ta rungume ta tana cewa, "Wayyo 'yata, wayyo 'yata." Matar hawa na ƙasa ta jiyo, ta hauro ta leƙa.

"Wannan ai na asibiti ne. Ku kai ta yanzu."

Umma ta goge ido ta yi godiya, ta raka ta bakin ƙofa ta rufe. Ta juyo wajen Abba ta yi ƙasa da murya. "In mun je tambayoyi za su fara. Ina uwarta take, me ya sa ba ta makaranta da safe. Su mayar da mu wasu irin mutane."

"Ba ma sai an je ba," in ji Abba. "Akwai man ƙuna mai kyau a kantin magani."

Ya sayo man da bandeji, har da alewa. Umma ta ɗaure mata hannun a hankali tana hura mata iska.

"Daga yau ni zan riƙa cika fulas kafin in fita," ta ce. "Ba za ki ƙara taɓa wuta ba."

Gyaran da aka yi ke nan. Da gari ya waye Umma ta cika fulas ta tafi aiki.

A ƙarshen makon Kaka, mahaifiyar Abba, ta kira. Bayan an gaisa ta ce a ba ta takwararta. Umma ta toshe bakin wayar da tafin hannu.

"Ki ce komai lafiya. Kin san hawan jininta, kada ki tayar mata da hankali."

Yaya ta karɓa da hannun dama.

"Takwara! An samu sabon wuri an manta da tsohuwa ko? Ya makaranta?"

"Lafiya lau, Kaka."

"Ta nawa kika zo wannan karon?"

Ta dubi Abba. Ya ɗaga mata yatsu uku.

"Ta uku."

"Ta uku? Daga ta biyu? Lalaci aka fara ke nan! Ki dage min fa, ni da ke muka yi alkawari sai kin zama likita kin duba min gwiwar nan kyauta."

"To, Kaka."

Ta miƙa wayar. Abba ya karɓa yana dariya da ƙarfi, ya shige ɗaki da ita.

Tun daga nan ba ta ƙara tambayar maganar makaranta ba, su ma ba su ƙara tayar da ita ba. In Auta ya yi barcin rana takan buɗe littafi, amma sai ta karanta layi ɗaya ta sake karantawa ba ta riƙe komai ba, kunnenta na wajen numfashinsa. Daga baya ta gano in ya yi barci gara ita ma ta kwanta. Wata rana ya jawo jakarta ya zazzage, ya kama littafin lissafi ya yage shafi. Ƙarar yagewar ta ba shi dariya. Ta miƙa hannu za ta karɓe, sai ta ga ya yi shiru ya daina rigima, ta bar masa. A 'yan kwanaki ya gama da shi, ta share gutsattsarin ta zuba a shara.

Ta rage magana. In an tambaye ta sai ta ce eh ko a'a. Umma kan gaya wa abokan aikinta, "Yarinyar nan tawa akwai natsuwa, ba ruwanta da hayaniya. Allah ne ya dube ni ya ba ni ita."

Shekarar karatu ta ƙare. Ranar karɓar sakamakon Kyaftin dole uba ya je da kansa, nan shugabar ta ritsa Abba a baranda, gaban sauran iyaye.

"Malam, yarinyar nan wace makaranta ka kai ta?"

Abba ya sosa ƙeya. "Ta yi fama da rashin lafiya ne, Malama."

"Allah ya sawwaƙe. Ni dai kullum ina hango ta a kwana da goyo. An buɗe ɗaukar ɗalibai, wannan karon ba maganar makara. Ka kawo ta. In ba haka ba zan zo gidan da kaina, kuma ba ni kaɗai zan zo ba."

Ya dawo gida yana ta faɗa, wai mace ta ci masa mutunci a bainar jama'a. Amma ya kai ta.

A ofis aka yi mata gwaji. Shugabar ta ba ta wani ɗan labari ta ce ta karanta a bayyane. Ta fara, tana bin kalmomin da yatsa, tana tsayawa a inda da can ba ta tsayawa. Tana tsakiyar layi wani jariri ya fasa kuka a bayan katanga. Kafin ta san abin da take yi ta miƙe tsaye.

"Ina za ki?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi shugabar, ta koma ta zauna. Ta nemi inda ta tsaya a takardar ta rasa. Lissafin kuwa biyu ta yi ta ajiye fensir.

Shugabar ta cire gilashinta. "Ba za ta iya aji biyar ba. Gaskiya ko aji huɗun ma zai yi mata nauyi. Sai uku."

Abba ya buga tagumi. "Ni ma abin ya ɗaure min kai, Malama. Da can kanta na ja sosai. Yaran yanzu ne, wasa ya yi musu yawa."

Shugabar ta juya wajen Yaya. Idonta na kan tabon da ya yi fari a bayan hannun yarinyar.

"Me ya same ki a nan?"

Yaya ta sauke hannun ƙarƙashin tebur. "Wasa nake yi," ta ce.

Aka ɗinka mata yunifom, aka kai Auta wajen matar hawa na ƙasa. Shekarunta goma, ta fi kowa tsawo a aji uku, aka ba ta bencin baya. In fensirin wani ya faɗi ita ke ɗaukowa. In ta ga majina a hancin na kusa da ita sai ta goge masa da hannun riga ba tare da ta yi tunani ba. Kafin mako ya ƙare yaran sun sa mata suna Mama. A lokacin tara, in an fita hutun cin abinci, takan zauna a gindin bango ta kalle su suna guje-guje, tana lura da wanda zai faɗi. Bayan tara barci ke ɗauke ta, don lokacin barcin Auta ne. Malamin ya tashe ta, ya sake tashinta, daga baya ya ƙyale.

A gida kuwa Auta ya ƙi matar. Tun daga matattakala ake jiyo kukansa da safe, yana miƙo hannu yana kiran Yaya. Ya kwaso mura, ya kwaso ƙuraje. Umma na makara saboda lallashi, har mai kula da ma'aikata ya yi mata gargaɗi. Kullum da yamma sai ta ɗaga shi ta juya shi a gaban kowa.

"Ku dubi yadda yaron nan ya rame. Duk ya zube." Sai ta dubi Yaya da ke zaune da littafi a cinya. "Ba komai, yi karatunki. Mu ma sha wahalar."

Abba kan ce, "Haƙuri za mu yi. In suka sallame ki ma shi ke nan, ai ba mu da yadda za mu yi." Ya sauke numfashi ya kunna talabijin.

Ba wanda ya ce mata ta bari. Ko sau ɗaya.

Wata safiya Umma ta fito da jaka a kafaɗa, ta tarar da ita zaune a bakin gado da rigar gida, Auta na cinyarta yana shan madara. Yunifom na rataye a ƙusa.

"Ba ki shirya ba?"

"Ba na son zuwa."

Umma ta kira Abba. Ya shigo yana sa maɓallin riga, ya durƙusa a gabanta.

"Uwata, kin tabbata? Wani ya taɓa ki ne a can?"

"A'a."

"Ke da kanki ba ki so?"

"Eh."

Ya miƙe, ya dubi Umma, ya buɗe hannuwa. "To, kin ji. Ni ba na tilasta wa yaro abin da ba ya so. A bar ta ta huta, in hankalinta ya dawo ma sake magana."

"Akwai ruwa a fulas," in ji Umma. Ta duba agogon wayarta ta fita.

Ba a taɓa dukan yarinyar nan ba. Ba a taɓa hana ta abinci ba, ba a taɓa zaginta ba. In ka shiga gidan za ka tarar da tsabta, da yara masu ƙiba, da iyayen da ke tashi tun duhu don neman abin da za a ci. In ka tambaye su za su gaya maka dalili, kuma kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai za ka ga yana da kai. Da irin waɗannan dalilan aka cinye mata shekara guda, aka bar ta har sai da ta furta da bakinta abin da su suka ji kunyar furtawa.

Da yamma matar hawa na ƙasa ta tare Umma a matattakala, tana tambayar me ya sa ba a kawo yaro ba yau. Ƙofar falo a buɗe take, muryar Umma na hawowa tar.

"Wallahi mun yi, mun yi. Mun yi jiran gurbi, mun ɗinka yunifom, babanta har faɗa ya yi da shugabar a kanta. Ita ce ba ta so. Kin san yaro in ba shi da kan karatu."

"Allah ya shirya," in ji matar.

"Amin."

Yaya na kicin tana girgiza fidar Auta. Ta ji komai daga farko har ƙarshe, ta duba ba ta ga ƙarya a ciki ba, tunda ita ce ta faɗa. Ta rufe fulas, ta fita ta ɗauko shi daga bakin ƙofa kafin ya kai matattakala.